Kafin ka sa reza a kujerar motarka, ji abin da ya same ni

Ƙannena masu son gyara kujerun mota da hannunku a gida, dan Allah ku ba ni aron hankalinku kaɗan, don ni na yi, kuma sai da na yi asarar leda yadi uku da soso guda kafin na gane kan abin.

Golf 3 ce ta Baba, Allah ya jiƙansa, bayan rasuwarsa ta dawo hannuna. Kujerar direba ta yage ta gefen ƙofa inda ake gogawa wajen shiga da fita, soson ya leƙo waje yana marmashewa kamar busasshen burodi. Na je wajen masu ɗinkin kujeru, kuɗin da aka faɗa min ya fi ƙarfina a lokacin, sai na ce ai akwai keken ɗinkin Hajiya a gida, Butterfly, bari in gwada.

Babban kuskurena tun ranar farko na tafka shi. Na kwance kujerar na ɗauki reza na tsattsarga tsohuwar rigar na zuba a bola, wai zan auna da tef in yanka sabuwa. Wallahi kar ku yi haka. Tsohuwar rigar nan komin lalacewarta ita ce ma'auninka, kujera ba akwati ba ce da za ka auna tsawo da faɗi ka ce ka gama, ko'ina lanƙwasa ne. Ka fara ɗaukar hoto da wayarka ta kowane ɓangare, ka sa alƙalamin maka ka ba kowane ƙyalle lamba, ka ja ɗan layi ya ratsa ɗinkin nan da can yadda in ka zo haɗawa za ka san ina ya dace da ina, sannan ka zauna ka warware zaren a hankali ko da zai cinye maka yini guda. In gefen direba ya riga ya saki ya miƙe, ka yi amfani da ƙyallen kujerar mai zaman banza, sai dai ka kifa shi tunda hagu da dama ne. Kuma ka bar rabin inci na ɗinki a zagaye in tsohon ya guntule.

Akwai wani abu da ban san da shi ba sam. Waɗannan layukan da kake gani sun lotsa a jikin kujera, a cikin soson akwai waya a binne, a bayan rigar ma akwai wata, ƙananan zobban ƙarfe ne suke haɗa su. Ni da ƙarfi na fizge, wayar ta fito da naman soso. Da na sa sabuwar riga sai ta tsaya kamar an rufa wa kujera buhu, duk ta tattare. Filaya za ka sa ka yanke zobban ɗaya bayan ɗaya, kana ƙirgawa, ka mayar da sababbi daidai inda suke.

Soso kuma kar ka bi araha. Na katifar yara na yanko, wata biyu ya kwanta ina jin ƙarfe a cinyata. Ka nemi mai tauri, ka danna da babban yatsa, in ya dawo nan take shi ne.

Sai sanyi. Mu ’yan Jos mun san Disamba, to a cikinta na yi wannan aiki, ledar ta sandare ta ƙi miƙewa, na ja na ja har ta tsage a kwana. Ashe shanya ta ake a rana ta yi laushi, a ja ta da tsakar rana tana da ɗumi. Gam ɗin ma shafawa ake a fuska biyu a bar shi ya sha iska har ya daina bin yatsa kafin a haɗa, kuma da sanyi ya fi jinkiri. Abin da har yau in na tuna gabana yake faɗuwa, a ɗaki na yi, ƙofa a rufe, ga kaskon gawayi a gefe ina jin ɗumi. Tiririn gam ɗin nan yana kama wuta. Allah ne ya kiyaye, da ciwon kai kawai na tashi. A tsakar gida za ka yi, nesa da wuta, nesa da yara.

Keken Hajiya allura huɗu ya karya, inda leda ta ninku uku ko huɗu ba ya iya hawa. Ga shi na ƙanƙanta ɗinkin, ramukan suka yi kusa da juna, ledar ta riƙa tsagewa ta kan layin kamar takardar rasit. Ɗinkin leda da tazara ake yi, da zaren nailan mai kauri, kuma duk ramin da allura ta huda ya hudu kenan. A karo na biyu ni na yanka, na jera da lambobi, na kai wa wani tela mai babban keke ya haɗa min, na dawo gida na ɗora da kaina. Kuɗin bai kai rabin wanda masu ɗinkin kujeru suka faɗa min da farko ba.

In motarka ta zamani ce, ka leƙa ƙarƙashin kujera, in ka ga soket mai ruwan ɗorawa to na eyabag ne, jakar iskar nan da ke kumburowa ta kare mutum lokacin hatsari. Ka cire kan batir ka jira mintuna kafin ka taɓa. Wadda kuma aka rubuta eyabag a gefenta, ɗinkin wurin an yi shi ne don ya ɓalle lokacin hatsari, in ka ɗinke shi gam ka toshe hanyarsa, wannan kam ka kai wa gwani.

Na gaba biyun yanzu sun zauna daram. Ta baya ban taɓa ta ba tukuna, na sayi ledar na naɗe na ajiye a saman sif, ina jira hunturu ya wuce zuwa Maris.