Kafin ku biya kuɗin NCE ko PGDE, ku tambayi wa zai zo ya duba ku a aji

Ƙannena masu niyyar shiga aikin koyarwa, hanyoyin da ke gabanku a Najeriya sanannu ne. Wanda ya gama sakandare yana iya yin NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, ta shekara uku a kwalejin ilimi, kuma ita ce mafi ƙarancin takardar da aka amince a koyar da ita. Yana kuma iya wucewa jami'a ya yi digirin ilimi na shekara huɗu. Mai NCE in ya so ƙarin karatu, JAMB na ba shi damar shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni daban, PGDE ce ƙofarsa, wato difilomar koyon malanta ta bayan digiri. Sunayen ba su da wuyar riƙewa. Wajen zaɓen makarantar da za a yi su ne ƙafa ke zamewa, kuma a nan tawa ta zame.

Kemistiri na karanta. Da na gama bautar ƙasa na samu koyarwa, sai na ɗauka abin da ya rage mini shi ne digiri na biyu a fannina. Har na fara tara kuɗin fom kafin wani dattijon malami ya zaunar da ni ya ce hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka kafa a 1993, ba ta yi wa mutum rajista sai yana da takardar koyon malanta. Ko dakta ne kai a kemistiri, in ba ka da ita, a wurinsu masani ne kai, ba ka zama malami ba tukuna. Tun 2017 ma sai ka ci jarrabawarsu kafin a ba ka lasisi.

Na ji maganarsa, amma na yi gaggawa. Na sami wata cibiya mai yin PGDE kusa da gida, kuɗinta da sauƙi, karatu Asabar da Lahadi, suka ce suna ƙarƙashin wata jami'a. Ban taka ƙafa na je jami'ar na tambaya ba. Abin da ya ƙara jan hankalina shi ne da aka ce mini gwajin koyarwa, wato lokacin da ɗalibin malanta ke koyarwa a aji ana duba shi, ba zai ba ni wahala ba tunda ina aiki a makaranta. Haka kuwa aka yi. Aka ba ni takardar gwajin, hedimasta ya sa hannu, na mayar, aka ba ni maki. Babu wanda ya taɓa shigowa ajina ya ga abin da nake yi. A lokacin murna na yi. Takardar kammalawa kuma sai da na sha zirga-zirga kafin ta fito, amma wannan ƙaramar asara ce in aka kwatanta da ɗayar.

Ɗayar ta bayyana ranar da wani sufeto ya zauna a bencin baya na ajina na ƙaramar sakandare. Na cika allo da rubutu, na yi bayani tiryan-tiryan, yara suna ta kwafa, ina jin daɗin kaina. Da aka kaɗa ƙararrawa sai ya kira wata yarinya, ya ce ta faɗi ma'anar abin da na koyar. Ta zuba shi da Turanci kamar yadda yake a allo, ko harafi ba ta tsallake ba. Sai ya ce da ita da Hausa: “In kin zuba gishiri a ruwa ya narke, za a iya dawo da gishirin?” Ta yi shiru. Ajin duka ya yi shiru. A waje ya ce mini, “Malam, ka san karatunka. To amma ta yaya kake gane cewa sun gane?” Ba ni da amsa, domin wannan shi ne abin da gwajin koyarwa na gaskiya yake koya wa mutum: yadda ake tsara darasi daga abin da yaro ya sani, yadda ake jefa tambaya, yadda ake zagaya aji a duba littafin na baya. Ni na biya kuɗi ne aka tsallakar da ni daga kansa, yaran mutane suka biya sauran.

Saboda haka tambayar farko da za ku yi wa kowace makaranta ita ce: wata nawa ake yi a gwajin koyarwa, kuma malamanku suna zuwa da kansu su zauna a aji? Kada ku tsaya ga amsar mai sayar da fom. Ku nemo wanda ya gama bara ku ji daga bakinsa, ku kuma tambaye shi ko takardarsa ta zo hannunsa, ko TRCN ta karɓe ta. Wurin da aka ce muku “za mu sauƙaƙa muku”, ku juya.

Sai maganar amincewar hukuma. NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tantance kwalejojin ilimi, NUC kuma jami'o'i, kuma dukansu suna da jerin sunaye a intanet. Ku duba kwas ɗin da kuke so shi kansa, domin makaranta na iya zama da izini alhali wani sashenta ba shi da shi. Cibiyar da ta ce tana rataye da wata jami'a, ku je tsangayar ilimi ta jami'ar ku ji. Mai aiki da ba zai iya barin aikinsa ba yana da NTI ta Kaduna, wadda tun 1976 aikinta ke nan, horar da malaman da ke bakin aiki. Ƙannena mata da iyaye ke ɗari-ɗari da makarantar haɗaka, akwai kwalejin ilimi ta tarayya ta kimiyya da fasaha a Gusau, ta mata ce zalla.

Ku kuma yi tunani kan darasin da za ku zaɓa. Da yawa suna karɓar duk haɗin darussan da aka ba su don dai a samu gurbi, daga baya a tura su firamare su koyar da karatu da lissafi, abin da ba a taɓa horar da su a kai ba. Mun ga abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da malaman firamare 21,780 suka kasa cin jarrabawar da gwamnatin jiha ta yi musu. An yi ta jayayya kan yadda aka shirya ta, amma duk mutanen nan da takardunsu suka shiga aji. In firamare ce a ranku, ku nemi kwas ɗin ilimin firamare ko na renon ƙananan yara tun daga farko, kada ku ɗauke shi na waɗanda suka rasa abin yi. Koya wa ɗan shekara shida haɗa baƙi ya fi duk wani darasin kemistiri da na taɓa koyarwa wuya.

In lokacin gwajin koyarwarku ya zo, kada ku nemi a tura ku makarantar ɗan uwa ko ta abokin baba. Ku karɓi ta gwamnati mai cunkoso, ku roƙi tsohon malamin darasin ya riƙa zama a baya yana rubuta muku gyara, ko da ranar ba ta zuwan mai dubawa ba ce.