Inda Na Kai a Koyon Waƙoƙin Hirar Bakin Wuta

'Yan uwa masu koyo, sannunku da ƙoƙari, ya sanyi? Ga inda aka kwana a ɓangarena.

Tun shigowar hunturun bana abu ɗaya na sa a gaba, wato amshi. Baituka na nan jibge a littafina, wasu daga bakin Gwaggo, wasu daga tsofaffin unguwa, amma na ajiye su gefe tukuna. Dalili kuwa, a zaman bakin wuta ba kowa ne zai iya riƙe baiti ba. Akwai yaro ɗan shekara biyar, akwai amaryar da aka kawo daga wani gari, akwai tsohuwar da numfashi ba ya kai ta nesa. Abin da zai haɗa bakinsu duka shi ne ɗan guntun layin nan da ake maimaitawa bayan mai bayarwa. In amshi ya zauna, ko mai bayarwa ta manta baiti sai ta ƙago wani nan take, ba wanda zai lura. In bai zauna ba, sai ki ga mutum ɗaya na rerawa, sauran na kallon garwashi.

Sai da na tace waƙoƙin kafin na fara. Yawancin waƙoƙin gaɗa na tsaye ne, na dandali da farin wata: 'yan mata su yi da'ira, ɗaya ta fita ta yi rawa ta faɗo da baya a cafe ta a cilla. Wannan ba abin yi ba ne kusa da wuta, ga zannuwa na kaɗawa, ga yara. Don haka na ɗauki waɗanda ake iya yi a zaune: waƙoƙin cikin tatsuniya, na reno, na niƙa, da 'yan gaɗar da tafi kaɗai ke ɗauke da su. Na cikin tatsuniya su suka fi karɓuwa. Waƙar takan dawo sau uku ko fiye a labari guda, duk sanda yarinyar ta isa bakin kogi ko Dodo ya zo ƙofa, saboda haka kafin a ce ƙurunƙus yara sun haddace ba tare da an ce musu su koya ba. Tsamin bakin Gizo kuwa har yanzu ina fama da shi, domin sai an lanƙwasa harshe ba tare da an ɓata karin waƙar ba.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne shigar mai bayarwa. Ku saurari kowace tsohuwa da ta yi gaɗa da ƙuruciya, za ku ji ba ta jira masu amshi su rufe baki. Tana shigowa ne a kan gaɓarsu ta ƙarshe, muryarta ta hau bisa wutsiyar tasu, su ma su tare ta kafin ta dire. Shi ya sa waƙar ba ta da rami a tsakiya. Numfashi kuma a cikin amshi ake jan sa, a farkonsa, ba a ƙarshe ba. Da na gwada a gaban Gwaggo sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ke 'yar nan, ba sallama ake ba da za ki jira a amsa miki. Faɗa musu a kai." Na ce, "To Gwaggo, ku sake yi in ji." Ta kife ƙwarya a kan zane, tana bugawa da zoben yatsanta, ta yi bayarwar ta yi amshin ita kaɗai, a hankali ƙwarai, tana gyaɗa kai daidai wurin shiga. Yanzu haka nake bita: na ɗauki muryata ina amshi zalla a waya, na bar gurbin bayarwa, sai in kunna in riƙa faɗawa ciki ina wanke-wanke. Shigar ta fara zama, sai dai a waƙoƙi masu gudu har yanzu ina makara da ƙiris.

Tafi kafin baki. Wannan ƙa'ida ce da na ɗora wa zamanmu kuma ta yi amfani. Mukan fara tafin shi kaɗai har hannuwa su daidaita, sannan amshi ya shigo, mai bayarwa ce ƙarshe. Matsalar da ba ta ƙarewa ita ce gudu: da waƙa ta yi daɗi sai yara su ja ta, kafin a jima baituka sun cakuɗe. Maganinta a samu mutum guda mai sanyin hannu a ba ta ƙwarya, kowa ya bi ta. A waƙoƙin da asalinsu na daka ne nakan raba masu tafi gida biyu, waɗannan su buga, waɗancan su cike tsakani, kamar yadda taɓare ke karɓa-karɓa a turmi ɗaya lokacin lugude. Ranar da ya faɗa daidai, tsofaffin ma sai da suka gyara zama.

Game da rubutawa, ku yi hattara. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, alhali waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, mai nauyi da marar nauyi. Wanda bai taɓa jin waƙar ba, in aka miƙa masa takarda, zai karanta kalmomin daidai amma ba zai rera ta ba. Ni a littafina nakan ninka wasali mai tsawo, in sa ɗigo a ƙarƙashin gaɓar da tafi ke sauka. Kuma ba na mayar da kalmomi zuwa daidaitacciyar Hausa. Gwaggo mutuniyar ƙasar Katsina ce, inda Bakano zai ce 'ya ita ɗiya take cewa. Gaɓa ɗaya ce ta zama biyu, kuma an gina layin ne a kan biyun, in kika gyara sai tafi ya rasa wurin sauka. Masu ɗauko waƙa daga Sakkwato, Gobir ko Maraɗi, don Allah ku bar ta da harshen da ta zo da shi.

Sai batun da ke damuna. Waƙoƙin niƙa da na daka cike suke da habaici, ga kishiya, ga uwar miji, ga mijin da bai cika alkawari ba. A nan matan da suka riga mu suke sauke abin da ke ransu, dutsen niƙa na rufa musu asiri. Ba duk baiti ne zan rera a gaban yara ba, wannan gaskiya ne. Amma ban yarda a goge su ko a sauya su a ɓoye a ce haka aka gada ba. Nakan rubuta yadda aka faɗa, in ware na zaman yara daban. Haka kuma ba na ɗaukar muryar kowace mata sai da izininta, kuma ba na tura ta WhatsApp. Wata tsohuwa ta ce in rubuta amma kada in ɗauka, na rubuta, na mayar da wayar jaka. Injin niƙa ya riga ya raba waɗannan waƙoƙi da aikinsu, waɗanda suka san su kuma kullum raguwa suke, saboda haka amanar da suka ba mu ba ta wasa ba ce.

'Yan dabarun zaman kansa, a gurguje. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mai bayarwa ta ba ta baya don hayaƙi ya wuce gaba. Karan dawa na saurin kamawa amma nan da nan ya cinye, ga tartsatsi, gara a tayar da shi a ɗora busasshen icce mai riƙe garwashi. Ɗanyen icce kuwa shaƙe murya yake. A shafa man kaɗe a hannu, don tafi da busasshen tafin hannu na tsaga fata. Ruwan ɗumi da citta a kusa. Ƙwarya a nesa da wuta, zafi na fasa ta. Kuma a ɗauki waƙa daga ƙasa, muryar da ta sha sanyi ba ta son a fara mata da sama.

Shantu na samu guda, dogo mai kyau, amma bugun cinya da toshe bakinsa da tafin hannu ba su haɗu mini da rerawa ba tukuna, in hannu ya daidaita sai baki ya tsaya. Zan ci gaba da shi ni kaɗai kafin in kawo shi cikin mutane.

Abu na gaba shi ne waƙoƙin tashe. Azumi na matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, yanzu har ya fara riskar jelar sanyi, tashe kuma daga goma ga wata ake fara shi. Ina so yaran gidanmu su riƙe amshin na 'yan mata kafin lokacin. Wadda duk ke da tsohuwa a gida da ta yi tashe a Damagaram ko Zazzau, ta tambayar mini yadda suke tafinsa, a zaune ko a tafe, kuma wa ke riƙe ƙwarya.