Dutsen da Ya Ba Kenya Suna

Daga Nairobi muka nausa arewa zuwa Nanyuki, garin da ke kan layin da ya raba duniya gida biyu, tafiyar kusan kilomita 200. Ta ƙofar Sirimon muka shiga gandun Dutsen Kenya, na biyu a tsawo a Afirka bayan Kilimanjaro.

Da farko kurmi ne, sai dajin gora, can sama kuma itatuwa suka ƙare, aka bar mu da ciyawa da wasu tsirrai masu kan kabeji a bisa dogon kara. A zangon Shipton, wajen mita 4,200, rema na zuwa har gindin ƙafar mutum tana neman ɓarɓashin burodi. Numfashi ya fara yi mini wuya, jagoranmu kuwa ba ya rabuwa da faɗin “pole pole”, wato sannu sannu.

Shi Bakikuye ne, wato ɗan ƙabilar Kikuyu, kuma a bakinsa dutsen Kirinyaga ne. Ya ce “nyaga” jimina ce a harshensu: baƙin dutse da farar ƙanƙara a kansa ya yi kama da gashin namijin jimina. Kakanninsa sun ɗauki wurin a matsayin mazaunin Ngai, abin bautarsu, har ƙofofin ɗakunansu sukan fuskanci dutsen. Masai kuwa Ol Donyo Keri suke ce masa, dutse mai zane-zane. Sunan da duniya ta sani ya fito ne daga bakin 'yan ƙabilar Kamba. A 1849 wani ɗan mishan Bajamushe, Johann Ludwig Krapf, ya hango dutsen daga Kitui, ya ji suna cewa Kiinyaa, ya rubuta yadda kunnensa ya kama. A 1920 Turawan Ingila suka laƙaba wa ƙasar baki ɗaya wannan suna. Na ji daɗi ƙwarai da ganin cewa duk da mulkin mallaka, ƙasar ba ta tashi da sunan wani sarkin Turai ba.

Ƙololuwa mafi tsawo, Batian, mita 5,199 ce, sai Nelion mai 5,188. Waɗannan sai gwanayen hawa da igiya. Halford Mackinder, wanda ya fara taka Batian a 1899, shi ya sa musu sunayen shugabannin Masai. Irinmu masu tafiyar ƙafa Lenana muke nufa, mita 4,985, mai ɗauke da sunan ɗan Mbatian, shugaban Masai da aka sa wa Batian sunansa.

Cikin dare muka tashi da tocila a goshi, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin takalmi, ruwan gorata ya fara daskarewa. Rana na fitowa muka isa. A ƙasa da mu ga ƙanƙarar Lewis, wadda jagoran ya nuna mini inda take kaiwa lokacin da ya fara wannan aiki. Yanzu wurin tsakuwa ce zalla. Abin ya dame ni, domin daga wannan dutse kogin Tana ke samun ruwa, kuma a kan kogin aka gina manyan madatsun da ke ba Kenya wutar lantarki.