Siffar 3D da jirgi marar matuƙi: hoto da manhaja

Yawancin siffofin gini na 3D, waɗanda manhaja ke haɗawa daga hotunan jirgi marar matuƙi, da ke fitowa da bango a narke kamar kyandir, ba manhaja ce ta ɓata su ba. Tun a sama aka yi kuskuren. An tashi jirgi, kyamara na kallon ƙasa tsaye, an yi layi-layi an sauko. Wannan ya wadatar in taswirar fili kake so, amma bangon da kyamara ba ta gani ba, babu manhajar da za ta ƙirƙiro maka shi daidai.

Don siffar gini, a yi layi-layi sau biyu masu gicciye juna, kyamara a karkace wajen digiri 65 zuwa 70 (kallon ƙasa tsaye shi ne digiri 90). Kowane hoto ya hau kan na gabansa da kashi 80 cikin ɗari, na gefe kuma kada ya gaza kashi 70. Sannan a kewaya ginin a tsayi biyu ko uku, ana ɗauka duk bayan digiri 10, domin a samu ƙarƙashin indararo da kusurwoyi. Karkatar kyamarar tana da wani amfanin: hotunan tsaye zalla kan sa fili mai shimfiɗe ya fito a lanƙwashe kamar ƙwarya, saboda manhaja ta kasa gane karkacewar gilashin kyamara.

Tsayi shi ke yanke ƙanƙantar abin da za ka gani. Jirgin Phantom 4 RTK a tsayin mita 100 yana ba da kusan santimita 2.7 a kowane ɗigon hoto. In tsagar bango kake nema, sauko ƙasa da mita 30. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, in ba haka ba hoto zai yi dishi-dishi.

Kwanon rufi sabo babban ciwon kai ne. Yana ƙyalli, kuma layukansa iri ɗaya ne, sai manhaja ta rasa inda za ta kama, rufin ya fito da ramuka. Haka ruwa da gilashi da farin bango mai sumul. Bangon laka kuwa, da yake yana da kaushi, yana fitowa tsaf. Ranar da gari ya yi lumshi ta fi tsakar rana mai ƙuna, amma hazo mai kauri na hunturu yana cinye kaifin hoto.

Sai manhaja. Metashape na kamfanin Agisoft ita na fi ba mai aikin awo shawara, domin tana barin ka ka tace ɗigogin siffar marasa kyau da hannunka. Sai dai a kula, ƙaramin nau'inta ba ya karɓar alamomin awo na ƙasa (alamomin da aka auna ainihin wurinsu a fili), sai babban, wanda kuɗinsa ya haura dala 3,000. RealityCapture, wadda Epic Games ta saya a 2021 kuma yanzu ake kira RealityScan, tana da sauri da kyan fatar gini, amma tana son kwamfuta mai katin sarrafa hoto na kamfanin NVIDIA. Pix4D ta Suwizalan ta fi ƙarfi wajen taswira da lissafin yawan ƙasa ko tsakuwa. Mai koyo ya fara da WebODM, wadda ke a buɗe ga kowa. Masu aiki ta intanet irin DroneDeploy na buƙatar ka ɗora dubban hotuna, kuma kowa ya san kuɗin data da halin layinmu.

Ko jirginka na da RTK, wato tsarin da ke ƙara daidaiton GPS, shimfiɗa alamomi a ƙasa: aƙalla biyar, huɗu a gefuna ɗaya a tsakiya, ka ware wasu uku da ba za ka saka cikin lissafi ba, don gwaji kawai. Kuma tambayi safiyo tun farko da wane tsari ya auna su. Jirgi yana rubuta wuri da tsarin WGS84, wanda GPS ke amfani da shi, tsofaffin takardun filaye a Najeriya kuwa da yawa a kan tsarin Minna suke. In ka cakuɗa su, siffar za ta yi kyau a ido, amma ta goce daga inda take da mitoci masu yawa.