Rauni a kan yatsa, ciwo a wuyan hannu

Sana'armu sayar da kayan tallafa wa gaɓoɓi ce: na gwiwa, na ƙugu, na wuya, na idon sawu, na hannu. Ba miƙa kwali kawai muke yi mu karɓi kuɗi ba. Mutum yakan zauna, mu auna shi, mu gwada masa, mu lanƙwasa abin da ke buƙatar lanƙwasawa, sannan ya tafi. Wannan gwajin shi ne rabin aikin, shi ya sa ma muke da tebur da kujeru biyu a inda wani zai cika da kaya.

Cikin masu zuwa akwai wasu da nake ganewa tun daga bakin ƙofa. Yatsa ɗaya a miƙe cikin ƙaramin karan ɗori na roba, an naɗe shi da filasta, amma abin da ya kawo su daban ne: maɗaurin wuyan hannu suke nema.

Raunin nasu kusan iri ɗaya ne. Akwai siririyar jijiya da ke bi ta bayan yatsa ta manne a ƙashin ƙarshe, dab da gindin farce, ita ce ke miƙe gaɓar ƙarshe. In wani abu ya lanƙwashe kan yatsan da ƙarfi alhali yana miƙe, sai ta tsinke, wani lokaci ta ɓalle har da ɗan ɓarin ƙashi. Ƙwallo na jawo haka, amma da yawa abin da suke faɗa ba ya kama da abin da zai kai mutum asibiti: cusa zanin gado ƙarƙashin katifa, ko cire safa da gaggawa. Kan yatsan sai ya langaɓe. In ka ɗaga shi da ɗaya hannun zai miƙe, kana saki ya koma.

Maganin da likitoci suka fi bi shi ne a riƙe gaɓar ƙarshen a miƙe, dare da rana, mako 6 zuwa 8, sannan a ci gaba da sawa da dare na wasu makonni. Gaɓar tsakiya ba a ɗaure ta, ana so ma ta riƙa motsi. Sharaɗin da ke wahalar da mutane shi ne, in kan yatsan ya faɗi sau ɗaya a tsakiyar wa'adin, naman da ya fara haɗuwa na iya rabuwa, likita ya ce a koma ƙirga daga farko. Duk shawarar da zan bayar a kan wuyan hannu daga wannan sharaɗin take tasowa.

To me ya haɗa wuyan hannu da wannan? Mutumin da yatsansa ɗaya ke ɗaure yakan ɗage shi sama don kada ya taɓa komai. Riƙon biro ya sauya, riƙon almakashi ya sauya, mai aikin kwamfuta ya karkatar da hannu gefe don ya kai sauran yatsun kan madannai. Bayan mako biyu ko uku sai wuyan hannu da sangalin hannu su fara tsami. Gajiya ce ta sabon riƙo. Maɗauri na iya rage ta, amma ko kaɗan ba ya warkar da jijiyar yatsan, kuma nakan faɗa wa kowa haka kafin ya taɓa aljihunsa.

Tambayata ta farko kullum ita ce: "Ranka ya daɗe, miƙewa yatsan ya ƙi yi, ko lanƙwasawa?" Domin akwai ɗaya jijiyar, ta ɓangaren tafin hannu, mai lanƙwasa kan yatsa. Ita takan tsinke ne in mutum ya cafki rigar wani aka fizge, kuma ta fi samun yatsan da ke kusa da ɗan ƙarami. Wannan aikin tiyata ne, kuma kwanaki kaɗan ake da su, don jijiyar janyewa take yi ta koma ciki. Mai irin wannan ba na sayar masa da komai, asibiti nake tura shi a ranar. Bayan tiyata kuma akan yi masa abin ɗauri na musamman ta bayan hannu, wanda ke hana yatsu da wuyan hannu miƙewa fiye da kima. In ya sauya shi da na kanti, ɗinkin ne zai iya ɓallewa. Haka wanda ya zo da yatsa a langaɓe bai ga likita ba, sai ya je an ɗauki hoton ƙashin tukuna.

In an wuce wannan, sai zaɓi. Maɗaurin wuyan hannu iri biyu ne a wajen sawa: akwai wanda ake zura hannu ciki kamar safa, akwai wanda ke buɗewa gaba ɗaya a naɗe shi a manne da Velcro, wato ƙyallen nan mai kama ɗan'uwansa in an danna. Na zurawa ya fi kyan gani, ya fi shiga ƙarƙashin hannun riga, mutane shi suka fi miƙa wa hannu. Ga mai karan ɗori a yatsa kuwa shi ne mafi haɗari. Duk sawa da cirewa sai ya bi ta kan yatsan, robar ta kama bakin karan ta ja shi, musamman wajen cirewa in hannu ya yi gumi. Ni mai buɗewa kaɗai nake ɗauko musu.

Ga yadda muke sawa. Hannu a kife a kan tebur, yatsan mai rauni a kwance ba ya ɗagawa. In shimfiɗa maɗaurin a buɗe, in tura shi ta ƙarƙashin sangalin hannu har babban yatsa ya faɗa gurbinsa, in fara ɗaure igiyar tsakiya, sannan ta sama da ta ƙasa. Sai in kwance in ce ya yi da kansa da hannu ɗaya, don a gida ba ni nan. Wanda igiyoyinsa ke bi ta cikin zobe su dawo ya fi sauƙin ja da hannu ɗaya, ko da na hagu ne.

A cikin yawancin maɗauran wuyan hannu akwai faffaɗan ƙarfen alminiyom ta ɓangaren tafi. Daga masana'anta yakan zo a lanƙwashe, ya ɗage hannu baya kamar digiri 20 zuwa 30. Wannan ya yi yawa ga mai yini yana rubutu. A wuyan hannu akwai wani matsatsin rami da jijiyoyin yatsu 9 da jijiyar ji guda ɗaya ke bi, kuma matsin cikinsa ya fi sauƙi in hannu na kusa da miƙe. Sai in zare ƙarfen daga aljihunsa, in ɗora a gefen tebur in danne kaɗan kaɗan, in mayar, in sake duba. Bakin maɗaurin kuma kada ya haye zanen tafin hannu na sama, inda yatsu ke karyewa in an dunƙule. In ya haye, gaɓoɓin gindin yatsu ba za su lanƙwashe ba, a gama jinyar yatsa ɗaya a fara fama da hannun da ya sandare.

Girma da ma'aunin tela muke ɗauka, a zagaye wuyan hannun, don rubutun da ke jikin kwali ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Akwai na dama akwai na hagu. In an ɗaure, yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashin igiya. Nakan bar mutum ya zauna da shi minti goma muna hira. In bayan babban yatsa ya fara mutuwa, ko yatsu suka yi sanyi, an matse. Mai yawan gumi ko ƙaiƙayin fata ba na ba shi na robar niyofirin, na yadi mai huji ya fi masa.

Inda aka fi rikicewa shi ne lokacin sawa. Mutum ya ji likita ya ce kada a cire, sai ya ɗauka dokar ta hau har maɗaurin da ya saya a wajena. Na yatsa ne ba a cirewa, sai don wanke fata, shi ma yatsan na kwance a kan tebur har a busar a mayar. Na wuyan hannu kuwa na lokacin aiki ne, ko na barci in mutum na naɗe hannu cikin dare. Sauran yini a cire, a juya wuyan hannun, a dunƙule a buɗe. Lafiyayyar gaɓa in aka ɗaure ta wata biyu, ƙarfinta ne zai ragu.

Masu aikin kwamfuta da dama ma ba maɗauri suke buƙata ba. 'Yar matashiya ta gaban madannai ta wadatar, a ɗora dunduniyar tafin hannu a kanta lokacin hutawa, ba tsakiyar wuyan hannu ba, a kuma gyara tsayin kujera yadda gwiwar hannu za ta yi daidai da tebur. Cinikin ƙarami ne a wajena, amma shi ne daidai da buƙatarsu.

Kafin su tafi nakan duba karan ɗorin yatsan, ko da ba a wajena aka saya ba. Irin na roba da aka fi sani, samfurin Stack, lamba lamba yake zuwa, kuma ranar da aka sa shi yatsan a kumbure yake. In kumburin ya saɓe bayan 'yan kwanaki sai karan ya yi wa yatsan yawa, kan yatsan ya riƙa sauka a ciki mai shi bai sani ba. Nakan ɗaga hannun saitin ido in leƙa ta gefe. In na ga gaɓar ta ɗan karye a ciki, ko fatar bayanta ta yi fari saboda an ɗage ta fiye da kima, sai in ce ya koma wajen likitansa a sake masa lamba tun a makon.