Ɗafa-ƙeyar -nik, daga Rasha zuwa San Francisco

Duk wanda ya taɓa jin sunan Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko da Tarayyar Sobiyet ta harba ranar 4 ga Oktoban 1957, to ya riga ya gamu da ɗafa-ƙeyar da nake son magana a kanta, wato -nik, ɗan guntun da ake liƙawa a ƙarshen kalma. A Rashanci put na nufin hanya, s- na nufin tare, sai -nik ta zo a ƙarshe ta mayar da kalmar sunan mutum, wato wanda kuke kan hanya tare, abokin tafiya.

Aikinta ke nan a harsunan Silabiya, dangin da ya haɗa Rashanci da harsunan Polan, Cek da Sabiya. Mutanen Polan suna kiran manomi rolnik, mai aikin lambu ogrodnik, ɗan ƙwadago kuma robotnik. A Rashanci ɗalibi shi ne uchenik, ɗaliba kuwa uchenitsa, domin mace tana da tata ɗafa-ƙeyar daban. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ba ta tsaya kan mutane kaɗai ba, har kayan aiki takan raɗa wa suna: butar shayi chainik, agogon tashi daga barci budilnik. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da ma- ɗin da ta ba shi maƙeri ita ce ta ba shi mabuɗi, sai dai tamu a goshi take zama, tasu a ƙeya.

Maƙwabta ma sun ara. A harshen Romaniya mai gadi paznic ne. Yahudawan gabashin Turai sun shigar da ita harshensu na Yidish, inda nudnik ke nufin mutum mai naci da gundura, daga nan ta shiga Ibrananci na zamani, har ake ce wa mazaunin kibbutz, wato ƙauyen gama-kai a Isra'ila, kibbutznik.

Da ta isa Ingilishi kuwa, a ganina, sai ta rasa natsuwarta ta koma abin zolaya. A 1958, watanni kaɗan bayan harba Sputnik, ɗan jarida Herb Caen na San Francisco ya ƙirƙiro beatnik domin ya yi wa wasu matasa masu bijire wa al'ada shaguɓe, alhali manomin Polan ba ya jin wata ba'a idan an kira shi rolnik.