Abin da labarin Ahmet Kaya ya koya mini a teburin nishaɗi

A gidajen jarida da yawa, sashen nishaɗi ne ake tura sabon shiga ya koyi aiki, don ana ganin ko ya yi ɓaranɓarama a can ba wanda zai mutu. Labarin mawaƙa ne da 'yan fim, wa ya auri wa, wa ya ci kyauta. Malamin da ya koya mana ɗa'ar aikin jarida lokacin da nake karatu a Turkiyya bai yarda da wannan ba ko kaɗan, kuma hujjarsa ita ce mawaƙin Turkiyya Ahmet Kaya.

An haifi Kaya a garin Malatya na Turkiyya a 1957, mahaifinsa Bakurde, mahaifiyarsa Baturkiya. Yana saurayi iyalin suka koma Istanbul neman abin sakawa a bakin salati. Kayan kiɗansa bağlama ce, mai tsirkiya da dogon wuya, kusan irin garaya. Kaset ɗinsa na farko ya fito a 1985, shekara biyar bayan juyin mulkin sojoji na 1980, lokacin da gidaje da dama ke da ɗa ko miji a kurkuku. Su ya yi wa waƙa: fursunoni, iyaye mata masu jira a ƙofar gidan yari, talakan birni. Da Turkanci yake rerawa, kuma har waɗanda ba sa ga maciji da siyasarsa suna sauraronsa a mota.

A watan Fabrairun 1999 ƙungiyar 'yan jaridun nishaɗi ta ba shi lambar yabo a wani biki a Istanbul, kyamarorin talabijin na ɗauka. Da ya karɓi makirufo sai ya ce shi asalinsa Bakurde ne, don haka zai sa waƙar Kurdanci a sabon kaset ɗinsa, ya yi mata bidiyo, kuma ya san akwai masu ƙarfin halin da za su nuna ta. Nan take zauren ya kaure. Aka yi ta zagi, aka jefe shi da cokula, wasu mawaƙa suka hau dandamali suna rera taken kishin ƙasa. Da ƙyar aka fitar da shi da matarsa Gülten.

Abin da malaminmu ya sa muka tsaya a kai shi ne doka. Dokar da sojoji suka kafa a 1983 wadda ta hana amfani da Kurdanci an soke ta tun 1991, zamanin shugaban ƙasa Turgut Özal. Kaset ɗin Kurdanci na shaguna ana sayarwa. Wato ba ɗan sanda ne ya fara taso Kaya a gaba ba. Abokan sana'arsa ne da 'yan jarida, sanye da kwat, a gaban farantin abinci. Mai gabatar da ƙara daga baya ya shigo, bayan an share masa hanya. Tun daga nan na daina ɗauka cewa takunkumi sai gwamnati ta sa. Edita da kansa yana iya ci gaba da aiki da dokar da aka binne shekara takwas da suka wuce, ba tare da kowa ya umarce shi ba.

Sai kuma lokacin da abin ya faru. Yaƙi tsakanin sojojin Turkiyya da ƙungiyar 'yan tawayen Kurdawa ta PKK ya faro tun 1984, ya ci dubban rayuka, kusan kowace unguwa ta binne soja. Shugaban ƙungiyar, Abdullah Öcalan, ya bar Siriya a ƙarshen 1998 yana yawon neman mafaka, aka kama shi a Nairobi ranar 15 ga Fabrairu, 'yan kwanaki bayan bikin. A irin wannan mako jarida ba ta buƙatar ta ce wane ɗan ta'adda ne. Ta ajiye hotonsa kusa da labarin da ke tafasa zukata kawai, mai karatu zai ƙarasa sauran. Jaridar Hürriyet ta buga hoton da ta ce an ɗauka a wani wasa a Berlin a 1993, Kaya na gaban taswirar Kurdistan da hoton Öcalan. Shi da iyalinsa suka ce haɗin hoto ne. A tsakiyar shekarar kuma, bayan ya fita ƙasar, jaridar ta yi kanun labari da ya kira shi marar mutunci, da manyan baƙaƙe a shafin farko.

Wannan ɓangaren ne ya fi bi na har teburin aiki. Yanzu idan aka turo mini tsohon hoton wani mawaƙi a ranar da sunansa ke yawo a Facebook, tambayata ta farko ba ko hoton zai ja masu karatu ba ce. Wa ya ɗauka, a ina, kuma me ya sa ya ɓullo yau bayan ya daɗe a aljihun wani? Idan aka ce wane ya faɗi kaza a wajen wasa, sai na ji muryar da kunnena, daga farkon zancen har ƙarshensa. Yaran ofis na ganin na cika tsanani a kan labarin da, in ji su, na nishaɗi ne kawai. Ina barin su su gani.

Ba ina wanke Kaya tas ba ne. Mutum ne mai zafin baki, mai ra'ayin 'yan gurguzu, wanda bai iya tauna magana ba, kuma wanda ya rasa ɗa a fagen daga yana da dalilin jin haushi. Amma jin haushin mai makoki daban, aikin wanda aka ba shafin farko daban.

Ya bar Turkiyya a watan Yunin 1999. A Maris na 2000 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 3 da wata 9 ba ya nan. Ranar 16 ga Nuwamban 2000 bugun zuciya ya kashe shi a Paris yana da shekara 43, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise. Waƙar Kurdancin da ta jawo duk wannan sai bayan rasuwarsa ta fito.

Daga baya iska ta juya. A farkon 2009 gidan talabijin na gwamnati ya buɗe tashar TRT 6 mai watsa shirye-shirye da Kurdanci dare da rana. A 2013 fadar shugaban ƙasa, zamanin Abdullah Gül, ta ba marigayin babbar lambar yabo ta al'adu da fasaha. Wasu daga cikin waɗanda suka yi ihu a zauren sun fito sun nemi afuwa. Amma tsakanin buɗe tashar da ba da lambar yabon, a watan Yulin 2011, mawaƙiya Aynur Doğan ta hau dandamali a bikin kiɗan jaz na Istanbul jim kaɗan bayan an kashe sojoji 13 a faɗa da PKK a yankin Silvan. Tana cikin rera Kurdanci wasu 'yan kallo suka fara ihu suna jifa da matasan kujeru, dole ta sauka ba ta gama ba.